A Daina Ƙirga Mana Gini, A Leƙa Asibiti Ƙarfe Biyun Dare

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya fama da jama'a, Allah ya taimaka. Don Allah ka ɗan ba ni fili a jaridarmu, akwai maganar da ta daɗe tana cina a rai kan asibitocin gwamnati a nan Kano. Ni dai ba likita bane, ba kuma ɗan siyasa bane, ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, abin da na iya shi ne atamfa da shadda da yadi, amma ai duk mai iyali a garin nan ya taɓa jinya, kuma wanda ya kwana a barandar asibiti kan tabarma sauro na cizonsa har asuba inaga yana da ta cewa shi ma.

Abin da ya sa na ɗauki waya na fara rubutun nan shi ne shirye-shiryen siyasar nan da ake yi a gidajen rediyo da daddare. In ka kunna zaka ji sojojin baka sun kaure, wannan yace gwamnatinmu ce ta gina asibiti kaza, wancan yace ƙarya ne mu muka fara ku kuka zo kuka yi fenti, wani ya kira yace ai an saka tayil an ja katanga an kafa geti. Shekara nawa ana wannan cacar bakin kan asibitin Giginyu da na yara na Zoo Road, wanda aka faro zamanin Malam Shekarau aka ƙarasa zamanin Ganduje har Buhari ya zo ya buɗe a ƙarshen 2017. Ban ce gini ba shi da amfani ba fa, ba wanda yake so a duba matarsa a ƙarƙashin bishiya. Amma ban taɓa jin ɗaya daga cikinsu ya ce a asibiti kaza mata nawa ne suka shiga haihuwa bara kuma nawa ne suka fito da ƙafarsu ba. Ko sau ɗaya wallahi.

Mu a Kwari in mace ta zo siyan atamfa ba leda take kallo ba, ba kuma takardar da aka manna a jiki ba, don kowa ya san ana manna takardar Holan a jikin abin da ko hanyar Holan bai sani ba. Taɓawa take, ta murza, wata har ta ɗan lasa, kuma duk da haka ba a gama sanin gaskiyar zani sai an kai shi wanki an ga ko yana zuba. To shi ma asibiti wankinsa shi ne tsakar dare, lokacin da babu kwamishina babu 'yan jarida babu mai yanka ribbon, sai mara lafiya da wanda ya tsaya aiki.

Bari na ba ka abin da ya faru da mu daminar bara, ba zan kama sunan wuri ba don ba tozarta kowa na zo yi ba. Matar ƙanina ce naƙuda ta kama ta wajen ƙarfe ɗaya da rabi na dare, haihuwarta ta huɗu, kuma yarinyar nan ba ta wasa da awo, duk ranar da aka ce ta je tana zuwa, katinta a cike yake. Akwai ƙaramin asibiti a unguwarsu wanda ba a daɗe da yi masa kwaskwarima ba, allo sabo fil a ƙofa an rubuta ana aiki awa 24. Muka je muka tarar da maigadi kaɗai, yace Malama ta tashi tun bayan isha'i, ita kaɗai ce kuma tun safe take nan. Ruwa ake tsugawa, da ƙyar muka samu maƙocinsu ya fito da mota muka nufi wani babban asibiti a cikin gari. Can mun samu ma'aikata kam, amma mata a ɗakin sun fi gadajen yawa, ga wuta ta ɗauke inji kuma wai ba mai, da fitilar waya aka duba ta. Aka miƙo mana takarda: safar hannu, auduga, Jik, allura, ledar ƙarin ruwa, abubuwa dai har guda nawa, aka ce mu je mu siyo. Ƙarfe biyu da rabi na dare Malam Edita. Ƙanina ya bazama neman kemis ɗin da yake buɗe, ni kuma ina tsaye a baranda da wayata a hannu ban ma san wa zan kira ba.

Ta haihu lafiya, namiji, muna cikin hamdala sai jini ya ɓalle. Aka ce ana buƙatar leda biyu, kuma sai mun kawo wanda zai bayar kafin a saki wanda ke ajiye. A daren nan na tashi yara uku daga cikin yaran shagona da ɗan yayata, aka gwada, biyu suka bayar. Allah ya yi da sauran kwananta a gaba. Wata nas, dattijuwa haka, ban san sunanta ba har yau, ita ta tsaya a kanta tana danna mata ciki tana ba da umarni har jinin ya tsaya, ko zama ba ta yi ba har aka kira assalatu. Da gari ya waye na je yi mata godiya na ga idonta ya yi jajir, tace min Alhaji mu biyu ne a ɗakin nan tun jiya, ku dai ku riƙa yi mana addu'a. A daren dai wata baiwar Allah da aka kawo daga wani ƙauye tana jijjiga ba ta kai safe ba, ina ji ina gani aka fito da ita a lulluɓe, mijinta ya zauna a ƙasa ya dafe kai, mutane na cewa sai haƙuri kwana ne ya ƙare.

Eh kwana ne ya ƙare, mu musulmi ne mun yarda da ƙaddara mai kyau da mara kyau. Amma addinin nan dai shi ya ce a nemi magani, kuma shi ya ce duk wanda aka ba amana za a tambaye shi. Jijjigar masu ciki tana da allurarta, magnesium sulphate, ba wani abu mai tsadar gaske ba ce, kuma tun a wajen awo ake gane mai haɗarin in an auna hawan jininta an gwada fitsari. Zubar jini bayan haihuwa shi ma akwai allurar oxytocin, sai dai ita sanyi take so, in aka bar ta a zafin Kano a firjin da ba wuta ƙarfinta raguwa yake. Ɗan yayata ɗin nan da ya ba da jini aikin jinya ya karanta, shi yake min bayanin waɗannan. To kaga tambayar da ya kamata a yi wa kowane asibitin haihuwa ba wai wane launin fenti aka shafa ba, a'a, yau da daddare akwai waɗannan allurai a kabad? firjin yana aiki? akwai ungozoma ƙwararriya a farke? in abu ya gagara akwai motar da za ta ɗauki mace zuwa gaba, da mai a cikinta, da direba a kusa?

Shi yaron ya taɓa nuna min wani bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta fitar a 2018 kan ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin namu, abin ya tsaya min a rai. Wai a shekara mutum kusan miliyan 5 ne suke mutuwa bayan sun je asibiti saboda kulawar da suka samu ba ta da inganci, su kuma waɗanda suke mutuwa don ba su je ba sam miliyan 3.6 ne. Wato wanda ya je bai samu abin kirki ba ya fi wanda bai je ba yawa. Mu kuma kullum wa'azin da ake mana a rediyo shi ne mata su daina haihuwa a gida, maza su bar matansu su je asibiti, kuma gaskiya ne ya kamata su je, ni ma ina faɗa wa mutane. Amma matar da ta je aka daka mata tsawa tana tsaka da naƙuda, ko aka ce mata lokacin da kike jin daɗinki da mu kika yi shawara, ko ta kwana a ƙasa kan zaninta, kana ganin haihuwa ta gaba za ta koma? Ba za ta koma ba, kuma sai ta hana ƙanwarta da maƙociyarta. Sai a zo a rubuta a rahoto cewa matan Arewa jahilci ne ya hana su zuwa asibiti.

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna a duk haihuwa dubu ɗari mata 512 ne suke rasa ransu a Najeriya, sannan a cikin yara dubu, 132 ba sa kai shekara biyar. Wannan na ƙasa baki ɗaya ne, kuma kowa ya san in aka raba mu nan Arewa maso Yamma namu kason ya fi na Kudu nauyi. Amma ni abin da nake so na sani ba na Najeriya bane, na unguwarmu nake so. A Kurna fa? A Dorayi fa? A Rimin Kebe, a Sheka, a Hotoro? Jihar nan ƙananan hukumomi 44 ne mazaɓu 484, kuma an daɗe ana cewa manufar ita ce kowace mazaɓa ta samu aƙalla asibiti ɗaya na matakin farko mai aiki sosai. To wanne ne yake aiki wanne ne allo kawai? Me zai hana a riƙa manna takarda a ƙofar kowanne duk wata, kamar yadda makaranta take manna sakamakon jarrabawa: wata kaza mata kaza suka haihu a nan, kaza aka tura gaba, kaza suka rasu, kwana kaza ba mu da maganin zazzaɓi, ma'aikata kaza ne a takarda kaza ne suke zuwa. Mai unguwa ya gani, liman ya gani, kansila ya gani, mu ma mu gani.

Kuma kar wani yace min ba za a iya ba. Mun ga yadda aka yi da shan inna. Kano ce fa aka dakatar da rigakafin a 2003 har zuwa 2004, duniya ta yi ta nuna mu da yatsa, amma da aka tashi yi da gaske gida-gida ake bi, a rubuta da alli a jikin bango, a shafa wa yaro tawada a ɗan yatsa, hakimai da dagatai da masu unguwanni kowa an ɗora masa alhaki, in an tsallake gida ɗaya sai an dawo an tambayi dalili. Tun 2014 ba a sake samun asalin cutar a jihar nan ba, a watan Agustan 2020 kuma aka ayyana Afirka gaba ɗaya ta rabu da ita. Ashe dai an iya ƙirga in ana so. Tambayar da iyayenmu mata suke yi wa masu ɗigon nan tun wancan lokacin har yau ba a amsa ta ba: ya aka yi wannan kuke biyo mu da shi har ɗaki kyauta, amma in yaro na zazzaɓi muka je asibiti sai a ce ba magani? Mutanen da aka gwada wa 'ya'yansu wani sabon magani mai suna Trovan a asibitin Zana lokacin sanƙarau na 1996 ba ka isa ka ce musu su yarda kawai ba, yarda sai an gani a ƙasa. Da mashaƙo ya ɓarke daga ƙarshen 2022 zuwa 2023 Kano ce ta fi ko'ina yawan waɗanda suka kamu, cutar da allurarta tana cikin rigakafin da ake yi wa jarirai tun suna sati shida. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka ƙananan asibitocin nan ba sa kaiwa ga yaran da ya kamata su kai.

Wani abin kuma, mu ba ma rubuta mutuwa. Mutum ya rasu da safe kafin azahar an kai shi, haka addini ya koyar kuma haka ya dace, amma ba wanda ya rubuta me ya kashe shi, in ka tambaya a ce gajeriyar rashin lafiya, ko zazzaɓi ne ya yi kwana biyu. Ka tuna watan Afrilun 2020 lokacin korona da aka yi ta rasa dattawa a garin nan? Daga bakin masu haƙar kabari aka fara jin cewa abin ya yi yawa, su ne suka ce gawar da suke binnewa a rana ta ninka, kafin hukuma ta ce komai. Gari kamar Kano a ce masu haƙar kabari ne ma'aunin lafiyarmu. In da kowane mai unguwa yana da littafi ɗaya da yake rubuta haihuwa da rasuwa, da ɗan bayanin ko mai ciki ce ko jariri ne ko a gida ko a hanya ko a asibiti, ai da ba sai mun jira wasu sun zo daga waje da kwamfuta sun faɗa mana yawan matanmu da suke mutuwa ba.

Sai maganar cunkoso. Duk wanda ya bi ta asibitin Murtala da sassafe ya san abin da nake faɗa, mutane kamar kasuwa, daga ƙauyukan Kano, daga Jigawa, daga Katsina, har daga Nijar. Haka Hasiya Bayero in damina ta zauna yara suka fara zazzaɓi, haka Nasarawa, haka na Malam Aminu Kano wanda shi na tarayya ne na koyarwa, an yi shi ne don manyan cututtukan da suka gagara a ƙasa. Da yawa daga cikin waɗanda ke kan layin nan abin da ya kawo su sha-ka-tafi na unguwa ya isa ya gama da shi in da yana aiki, maleriya ce, gudawa ce, duba hawan jini ne, wankin ciwo ne. Amma tunda mutum ya san in ya je na unguwa ba zai samu kowa ba ko kuma a rubuta masa takarda a ce je ka kemis, gara ya hau adaidaita ya tafi babban tun farko. Likita ɗaya ya duba mutum sama da abin da hankali zai ɗauka, minti nawa zai ba kowa? Kafin ka gama cewa kaina ne yake ya riga ya rubuta. Daga nan sai mu ce likitoci ba su da kirki, su kuma da sun samu hanya sai Saudiyya ko Ingila, wanda ya rage aikin ya ƙara yi masa yawa. Ban wanke masu wulaƙanta mutane ba, akwai su, akwai ma wanda zai ce maka ka same shi a asibitinsa na kuɗi da yamma, wannan ma mun sani. Amma in za a auna a auna duka, har da nawa ake biyan nas ɗin da ta kwana a tsaye da kuma yaushe rabon da a ɗauki sababbi.

Kuɗi kuwa, a takarda akwai su. Tun 2001 shugabannin Afirka suka zauna a Abuja suka yi alƙawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga lafiya, gwamnatin tarayyar da ta karɓi baƙuncin taron ba ta taɓa kaiwa ba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ce a ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, wani kaso yana tafiya kai tsaye asusun ƙananan asibitoci. Ita dai wannan dokar ce ta haramta a ƙi duba wanda aka kawo cikin halin gaggawa ko da wane dalili, mutum nawa ne a Kano suka san da wannan? A jiha muna da hukumar taimakekeniyar lafiya, muna da asusun tallafa wa kiwon lafiya na KHETFUND, muna da hukumar samar da magunguna, an kuma daɗe ana cewa awo da haihuwa kyauta ne tun mulkin Kwankwaso na farko. Duk da haka sama da kashi 70 cikin ɗari na abin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun mutane yake fita kai tsaye. Ni a wancan daren abin da na kashe a haihuwar kyauta na san shi, kuma ni Allah ya rufa min asiri, ina tunanin mai tura ruwa ko ɗan dako da aka miƙa wa irin takardar da aka miƙa mana. Shi ya sa in na ji an ce an ware biliyan kaza a kasafi ba na ko ɗaga kai, warewa daban sakin kuɗin daban, isarsu ɗakin haihuwa kuma wata tafiyar ce.

Mu ma jama'a da namu laifin, ba zan ɓoye ba. Yaro zai kwana uku jiki zafi ana ta jiƙe-jiƙe da siyan ƙwaya a hannun mai kwali, sai ya fara suma a kwaso shi a guje, in ya rasu a ce asibiti ne. Ba da jini kuwa sai ka ga ƙato yana noƙewa wai kar ƙarfinsa ya ragu. Akwai kwamitocin unguwa da aka ce suna sa ido kan ƙananan asibitoci, na tambayi mutum biyar a layinmu ba wanda ya san ko su waye a ciki, har da ni, sai bayan abin nan na fara bincike.

Roƙona gare ku 'yan jarida Malam Edita, ku rage zuwa bikin buɗe asibiti inda za a ba ku lemo da takardar jawabi. Ku zaɓi ƙananan asibitoci ko goma ne a cikin birni da kewaye, Gwale, Dala, Fagge, Kumbotso, Ungogo, Tarauni, ku tura wakili ba tare da sanarwa ba, ƙarfe biyun dare, zai fi kyau ma a tura mace. Ta ƙwanƙwasa ta ga ko za a buɗe, ta duba famfo ko akwai ruwa, ta leƙa banɗaki, ta tambayi wa ke bakin aiki, ta ce a nuna mata firjin allurai ta sa hannu ta ji ko da sanyi, ta tambayi matan da ke kwance me da me aka sa su siyo kuma yaya aka yi musu magana. Inda kuka samu ana aiki ku buga sunan wurin da na ma'aikatan a yaba musu, don akwai su kuma ba mai tunawa da su. Bayan wata uku ku sake komawa wuraren dai. In ma abin hawa ne matsala ni na ɗauki nauyin man mota na zagayen farko, editan yana da lambata.

Yaron da aka haifa a daren nan yanzu har ya fara rarrafe, an sa masa sunan mahaifinmu. Ƙaramin asibitin unguwar tasu kuwa na bi ta wajen satin da ya wuce bayan na taso daga ɗaurin aure da daddare, allon yana nan da awa 24 ɗinsa, geti a rufe da kwaɗo.

Wassalam. Naka mai karatu a kullum,
Wani ɗan Kantin Kwari, daga Kurna, Kano.